Tsagar da Shuɗi Ya Toshe

Kowa a unguwa Shuɗi yake kiransa, har 'ya'yan cikinsa in sun tabbata ba ya kusa. Daga faratansa sunan ya samo asali. Tun yana saurayi fenti ya shige ƙarƙashinsu ya yi zamansa, sabulu ya yi ya gaji, kananzir ya yi ya gaji. Ko ranar da farin fenti ya wuni yana shafawa, in ka dubi hannunsa shuɗi za ka gani. Matarsa ta daɗe da haƙura, ta ce ita dai ko a cikin taron dubu aka ɓoye mata fuskoki, ta hannu za ta tsamo mijinta.

Bai san uwa ba, bai san uba ba, Yaya ya sani. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, uban ya bi ta ba da jimawa ba, sai yayarsa, wadda ita ma ba ta gama girma ba, ta goya shi. Ta yi wankau, ta yi aikatau a gidajen masu hali, ta shiga gidan aure da shi a hannu, da auren ya mutu ta fito da shi a hannu. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita kuma ba ta taɓa nuna ta rasa komai ba. Ta san shi ciki da bai. Tun yana ƙarami in zai yi ƙarya ba ya iya kallon mutum, sai ya kafe bango da ido. Yaya ta kan bari ya gama tsara zancensa tsaf, sannan ta ce, "Kai, dube ni. Bangon bai tambaye ka ba." Da ya girma ya zama mai fenti, sai ta riƙa gaya wa maƙwabta cewa ƙaryar yarinta ce ta koya masa sana'a, don ta sa ya saba da kallon bango.

Wurin wani tsoho mai faɗan tsiya ya koyi aiki. Tsohon nan ba ya barin almajirin sana'a ya taɓa buroshi sai ya iya sauraron gini. Ka dunƙule hannu ka bi bango kana ƙwanƙwasawa, kunnenka a kusa. Inda ya amsa da ƙarfi, lafiyarsa ƙalau. Inda ya yi ƙara kamar ka buga tulun da ba ruwa, to akwai ciwo a ciki, sai a kira magini tukuna. Abin da tsohon ya bar wa Shuɗi gado ke nan, da wani tsani mai gajeriyar ƙafa ɗaya.

Halin nan ya ja masa suna, ya kuma ja masa asara. Abokan sana'a suna ce masa likitan bango. Wani maigidan in ya ga an zo ana buga masa gini maimakon a shafa, sai ya ce, "Malam, fenti na kira ka ka yi min, ba awo ba," ya sallame shi ya nemi wani. Duk da haka bai rasa na sawa a baki ba. Ya kama hayar ɗaki biyu, ɗaya shi da iyali, ɗaya na Yaya, ya shafa wa nata fenti ruwan ƙwai don ta ce shi take so. Rayuwa ce ta lallaɓawa, amma ba mai bin sa da harara a titi.

Sai aikin ƙaramin asibitin unguwa ya zo. Mai Girma, ɗan majalisar yankin, shi ya kawo aikin, ya kuma cika rediyo da labarinsa tun ba a haƙa tushe ba. Surukinsa ne ɗan kwangilar. An gama gini a gurguje don an riga an sa ranar buɗewa, manyan baƙi za su zo. Aka kira Shuɗi ya yi fenti: sama fari, daga ƙugu zuwa ƙasa shuɗin fentin mai, wanda ake iya gogewa in ya yi dauɗa.

A zauren da marasa lafiya za su zauna jiran likita akwai ginshiƙi ɗaya a tsakiya, shi ke ɗauke da rufin kankare. Shuɗi ya ƙwanƙwasa shi kamar yadda ya saba, ya ji ƙarar tulun da ba ruwa. Ya hau tsani ya duba, sai ga tsaga ta taso daga inda ginshiƙin ya haɗu da rufi ta gangaro, yatsa yana shiga. Ya sauko ya ajiye buroshi, ya ci gaba da sauran bangaye, ya bar ginshiƙin tsirara. Ɗan kwangila ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya koma faɗa. Shuɗi ya ce shi dai a kira injiniya.

Ba injiniya ba ne ya zo, Mai Girma ne da kansa. Da rana tsaka motarsa ta tsaya, leburori duk sun tafi cin abinci. Ya shigo cikin farar riga mai ɗaukar ido, surukin yana bin sa a baya.

"Kai ne mai fentin da ya tsayar min da aiki?" in ji shi, yana murmushi.

Shuɗi ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ba tsayarwa na yi ba. Ginshiƙin ne ba shi da lafiya. Ka ga nan."

Mai Girma ya matso, ya ɗaga hannu ya zura yatsa a tsagar har gaɓa ta biyu. Ya zaro, ya hure ƙurar, ya harari surukinsa. Sannan ya juyo.

"Na gani. Da an buɗe za a zo a gyara, ni na gaya maka. Kai dai rufe min ita yanzu, kada baƙi su zo su ga abin kunya."

"Ranka ya daɗe, wannan ba aikin mai fenti ba ne."

"Yau ya zama. Ko ba ka yarda da maganata ba ne?"

Wa ya isa ya ce wa irin wannan mutum bai yarda da maganarsa ba, a cikin gininsa, yana maka murmushi? Shuɗi ya sunkuyar da kai. Garin juyawa Mai Girma ya goga hannun rigarsa a jikin bangon da bai bushe ba, shuɗin fenti ya kwanta a kan farin yadi. Shuɗi ya ruɗe kamar shi ya tura shi. Ya ɗauko tsumma mai tsabta ya tsoma a kananzir, ya durƙusa ya kama hannun rigar yana gogewa a hankali, daga gefe zuwa tsakiya don kada ya bazu, har tabon ya fita fes. Mai Girma ya duba ya yi dariya. "Ashe har wanki ka iya," in ji shi, ya dafa kafaɗarsa ya fita.

Kada wani ya ce Shuɗi bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Ya kwaɓa farin siminti ya cusa a tsagar, ya bari ya sha iska, ya bi da samfefa har wurin ya yi sumul, ya shafa fenti, ya bushe, ya sake shafawa. Abin takaicin shi ne bai iya aikin banza ba. Da wani ragon mai fenti ne, da tabon ya nuna, da wataƙila wani ya lura. Shi kuwa da ya gama, shi kansa sai da ya laluba kafin ya gane inda tsagar take.

Bai gaya wa kowa a gida ba, kunya ta hana shi. Ya riƙa ce wa ransa ai an yi alkawari, gyara na nan tafe. Aka buɗe asibiti da kiɗa da jawabai, baƙi suka watse, ba wanda ya sake waiwayar ginshiƙi. Yaya kuwa, mai fama da hawan jini, ta bar asibitin da take zuwa can nesa ta dawo wannan. Ba don kusa ba ne kawai. In ta je, bencin da ke jikin ginshiƙin take zaɓa, ta jingina bayanta, ta shafa shuɗin fentin ta ce wa matan da ke layi, "Kun ga wannan? Ƙanena ne ya yi. Ku taɓa ku ji, kamar madubi." In ta dawo ta ba shi labari yana cin abinci, shi kuma ya kafa wa kwano ido. Sau nawa ya buɗe baki zai ce mata ta sake wurin zama, sai ya ga yadda fuskarta ke haske, ya ce gobe.

Yana kan tsani a wani gida da hantsi ya ji ƙarar, kamar an sauke tifar duwatsu. Kafin mai gidan ya gama tambayar mene ne, shi ya riga ya san mene ne. Ya bar bokiti a sama ya ruga asibitin, ya tarar rufin zauren ya rufta. An fitar da gawawwaki, har da na mata masu goyo. Yaya an zaro ta da rai, amma bayanta ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta sake jin komai ba.

Gari ya ɗauki zafi, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, aka kira Mai Girma. Ranar da ya bayyana, rediyo ya sa zaman kai tsaye. Yaya tana kwance a ɗakinta mai ruwan ƙwai, Shuɗi yana zaune a bakin gado yana matsa mata ƙafafun da ba sa jin matsa. Suka ji an rantsar da shi. Suka ji ya ce, da murya mai rawa kamar zai yi kuka, bai taɓa taka ginin nan ba sai ranar buɗewa, ba mahaluƙin da ya taɓa ce masa akwai tsaga, da ya sani da ya gwammace ya rasa kujerarsa.

Shuɗi ya kashe rediyon. Ya gaya mata komai, yana kallon cikin idonta, tun daga ƙwanƙwasawa har hannun riga. Da ya gama, ta tambaye shi.

"Kai ka toshe?"

"Ni na toshe, Yaya."

"Shi ya ce ka toshe?"

"Shi ya ce."

"Naka tsakaninka da Allah ne, da ni, ni kuwa na goya ka, ban iya riƙe ka a zuci ba. Amma wancan ya sa yatsa a ciki, ya zo yana rantsuwa a kan gawar mutane. Je ka faɗa. Ba na son ko sisinsa. So nake kafin in mutu in ji alƙali ya ce masa ƙarya ya yi, a gaban jama'a. Shi ke nan abin da nake nema."

Kwamiti ya gama zama ya ce laifin ruwan sama ne da rashin ingancin yashi. Ɗan kwangila ya tsallaka ƙasar waje neman lafiya, lafiyar kuma ta ƙi samuwa har yau. Sai wata matashiyar lauya, mai tsaya wa iyalan waɗanda suka mutu, ta ji labarin Shuɗi ta nemo shi. Ta ce ginin dai sun wanke kansu, amma rantsuwar ƙarya laifi ce mai zaman kanta, ko wane ne ya yi ta. Ta yi ta bin ofisoshi har aka shigar da ƙara. Ranar da ta zo da albishir, Yaya ta sa aka tashe ta zaune, ta sa mata albarka har lauyar ta yi ƙwalla.

Daga nan Shuɗi ya koyi wata sana'ar, zaman kotu. Riga ɗaya gare shi ta fita kunya, matarsa ta goge ta ranar kowane zama. Ya isa da wuri, ya zauna a bencin baya, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi don kada a ga faratan. Yau a ce lauyan Mai Girma yana wata kotun. Gobe a ce wannan kotun ba ta da hurumi, sai an je sama an tambayo. A je sama a shekara, a dawo a ce tana da shi, amma an yi wa alƙali canjin wurin aiki, sabon kuma sai an faro masa daga farko. Mai Girma ya yi rashin lafiya, Mai Girma yana aikin ƙasa, Mai Girma ya yi tafiya. Shuɗi ya haddace bangon kotun nan, ya san inda fenti ya kumbura da inda ruwa ke tsattsafowa, har hannunsa ya kan yi ƙaiƙayi.

In ya dawo, tun daga ƙofa Yaya ke jin takunsa.

"An faɗa?"

"An ɗaga, Yaya."

"To. Allah ya kai mu."

Kalmomin nan suka zama kamar gaisuwa a gidan, har ƙaramar 'yarsa in tana wasa da 'yar tsana sai ta tambaye ta an faɗa, ta amsa wa kanta an ɗaga. Manya su yi dariya, dariyar da ba ta wuce maƙogwaro.

Aiki kuma ya ja baya. Ba wanda ya ce masa don me, sai dai 'yan kwangilar da suka saba kiransa suka manta lambarsa. Wasu dattawa suka zo har gida suka ba shi shawara cikin ladabi, cewa mai iyali ba ya jayayya da manya. Matarsa ta fara karɓar ɗinki, babban ɗansa ya bar makaranta ya koma gareji. Ita matar ba ta taɓa ce masa ya janye ba, amma ya kan ga yadda take kallon rigar in tana gogewa. Ana cikin haka aka yi zaɓe, Mai Girma ya sake ci, da ƙuri'un unguwar nan tasu a ciki.

Sai da furfura ta cika masa gemu sannan aka kira shi akwatin shaida. Ranar Mai Girma ya zo, cikin farar riga. Da suka haɗa ido sai ya ɗan gyaɗa masa kai cikin mutunci, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a taɓa gani ba. Shuɗi ya rantse, ya faɗi abin da ya faru bai rage ba bai ƙara ba. Sannan lauyan Mai Girma ya miƙe, wani mai sanyin murya.

"Malam, hannun wa ya toshe tsagar?"

"Hannuna."

"Ka san akwai haɗari?"

"Na sani."

"Ka kai rahoto wurin hukuma?"

"Ban kai ba."

"Yayarka ta ciki ɗaya tana zama a wurin. Ka gaya mata?"

"Ban gaya mata ba."

"To, wa ya gan ka tare da wanda nake karewa, ban da mutumin da ba ya ƙasar?"

"Ba kowa. Amma ya goga hannun rigarsa a fenti, shuɗi ya kama shi..."

"Madalla. Ina tabon?"

"Na goge."

"Wa ya goge?"

"Ni."

"Wato tsaga kai ka rufe, tabo kai ka goge, sannan kake so kotu ta ɗaure wani a kan bakinka?"

Wasu a bayan kotu suka yi dariya, alƙali ya buga tebur. Lauyarsu ta tashi ta yi iya yinta, amma Shuɗi ya ga kafaɗunta sun faɗi. Abin da ya fi ci masa rai, duk tambayoyin ba wadda ya iya cewa ƙarya ce.

Kafin ranar hukunci jikin Yaya ya ƙare. Kwanciya ta cinye mata baya, abinci sai an yi da gaske take karɓar cokali biyu. Murya ta dushe, amma kunne na nan. Da safen da zai fita ta ce wa matarsa ta goge rigar da kyau, yau ce.

Alƙali ya daɗe yana karatu, Shuɗi bai fahimci rabi ba. Ƙarshen dai ya gane: shaidar mutum ɗaya, wanda shi kansa yake da hannu a ɓarnar, ba ta isa a kama mai mutunci da rantsuwar ƙarya ba. An sallami Mai Girma, an wanke shi. Waje ya kaure da tafi da kirari. Mai Girma ya tsaya a matakala ya gaya wa 'yan jarida cewa ya yafe wa duk waɗanda aka yi amfani da su. Lauyar ta ce wa Shuɗi za a iya ɗaukaka ƙara. Ya tambaye ta zai ɗauki wane lokaci, ta kasa kallonsa.

Da ƙafa ya koma gida, rana na dukansa, bai ji ba. A tsakar gida matarsa ta dubi fuskarsa ta toshe baki da mayafi. Ya cire takalmi ya shiga ɗakin Yaya ya zauna a bakin gado.

"An faɗa?" Da ƙyar ya ji ta.

"An faɗa, Yaya."

Ya ji maganar ta fita, sai ya ci gaba. Ya ce alƙali ya sa Mai Girma ya miƙe tsaye. Ya ce ya nuna shi da yatsa ya ce ƙarya ka yi, ka san da tsagar, kotu cike da mutane, 'yan jarida suna rubutawa. Da ya ga bai isa ba, ya sake bi ta kai: Mai Girma ya sunkuyar da kai, zufa ta jiƙa farar rigar, ba wanda ya tafa masa. Ya tsara shi sumul, ba inda za ka sa farce.

Yaya ta saurara har ya gama. Ta laluba ta kamo hannunsa, ta riƙe yatsun tana shafa faratan da babban yatsanta.

"Sannu, ƙanena, ka sha rana," in ji ta. Ta huta kaɗan. "Amma bangon bai tambaye ka ba."

Sai a lokacin ya gane inda idonsa yake. Ya so ya juyo, wuyansa ya ƙi. Ita kuma ba ta ce ya dube ta ba, ta dai riƙe hannun har barci ya ɗauke ta. Ba ta sake tambaya ba, kwanakin da suka rage mata ma ba su da yawa.

Mai Girma yanzu ya wuce matsayin ɗan majalisa, yana wani babban muƙami, an ce har shi ke shugabantar kwamitin duba ingancin gine-gine. An sake gina asibitin, wani ne ya yi fentin. Shuɗi yana nan, da tsaninsa mai gajeriyar ƙafa, aiki ma ya fara dawo masa. In an nuna masa bango sai ya buɗe gwangwani ya hau shafawa, ba ya ƙwanƙwasawa. 'Yan kwangila suna yabonsa, sun ce tsufa ya sa ya yi hankali.